Rage nauyin fulin karanshaf: ribar doki ɗaya, kasadar inji guda

A cikin samarin Kano masu son mota mai gudu, waɗanda ke zuba kuɗi a salansa da rim da taɓa kwamfutar inji, akwai maganar da ta zauna daram: duk abin da ke juyawa a jikin inji, in ka rage masa nauyi mota za ta ƙara tashi. Maganar tana da tushe, babu mai musun ta. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da aka fi kai ta. Fulin da ke gaban karanshaf, wato faifan da ke jan bel a bakin doguwar sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, shi ya fi sauƙin kaiwa, bol ɗaya ne ya riƙe shi, ba sai an sauke giyabos ba, don haka a kansa ake fara gwaji. Wani ya yi odar na alminiyam daga waje, ja ko shuɗi, mai ƙyalli, wanda bai kai kilo 1 ba. Wanda aljihunsa bai kai ba ya kai na asalin wajen masu tona, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, a sassaƙe shi. A ganina duka biyun ciniki ne na faɗuwa, kuma ana iya nuna haka da lissafi, ba da tsoratarwa ba.

Fulin da kamfani ya sa a yawancin motocin da ke yawo a titunanmu, su Camry da Accord da Mercedes da BMW, ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne. In ka juya bayansa za ka ga kashi 3 ne: cibiya da ke damƙe da hancin karanshaf, zobe mai nauyi a waje, sai siririyar baƙar roba a tsakaninsu. Bel ɗin da ke jan altaneta da kwamfiresan esi yakan bi ta kan zoben ne, shi ya sa makanikai ke kiransa fuli kawai, kamar jan bel ne aikinsa. Jan bel aiki ne na biyu. Aikin farko shi ne hana karanshaf murɗe kansa har ya karye, kuma don wannan ne injiniyoyi ke kiransa damfa.

Mutum zai ɗauki karanshaf a hannu, ya ji nauyinsa da taurinsa, ya ce wannan ai ba ya lanƙwasa. Yana yi. Lokacin da fetur ya kama da wuta a silinda mai faɗin milimita 86, ƙarfin da ke danna fistin ƙasa yakan kai wajen tan 4 a injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya kuma zarce haka sosai in akwai tabo. Wannan ƙarfi ba a hankali yake zuwa ba, duka ne na ɗan ƙiftawa. Kwanrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ya kai shi ga hannun karanshaf, hannun ya yi gaba, alhali can baya fulawil, wato babban faifan ƙarfe na bayan inji, da giyabos da nauyin motar gaba ɗaya ba su riga sun biyo ba. Sai ƙarfen ya murɗe kaɗan, ƙasa da digiri 1 a mafi yawan lokaci. Da dukan ya wuce sai ya dawo, ya ɗan zarce inda ya taso, ya sake komawa. Duk wannan yana faruwa ne yayin da karanshaf ke juyinsa na yau da kullum, murɗa ce a cikin juyi, ido ba ya ganinta, kuma direba ba ya jin ta a sitiyari ko a kujera. Wannan rashin jin shi ne ya sa mutane ke raina ta. Girgizar da ake ji a jikin mota daban ce, ita ta rashin daidaiton nauyi ce ko ta lalacewar kujerar inji.

Inji mai silinda 4 yana duka sau 2 a kowane juyi, mai silinda 6 sau 3, mai 8 sau 4. A juyi 6,000 a minti, mai silinda 4 yana shan duka 200 a daƙiƙa ɗaya. Shi kuma karanshaf, kamar kowane ƙarfe mai tsawo da nauyi a jikinsa, yana da saurin karkarwa nasa na kansa, wanda tsawonsa da kaurinsa da nauyin abin da ke rataye da shi suka yanke masa. A injinan ƙananan motoci wannan sauri yana cikin ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma dogon karanshaf na silinda 6 a jere yana da ƙasa da na gajere mai silinda 4.

Hatsarin yana zuwa ne idan duka ya riƙa sauka daidai lokacin da ƙarfen ke shirin komawa wannan ɓangaren da kansa. Kowane duka sai ya ɗora a kan na baya, murɗar ta yi ta girma. Kuma ba sai adadin dukan ya yi daidai da saurin karkarwar ba. Da yake dukan fistin mai kaifi ne, a cikinsa akwai ƙananan bugu masu ninki 2, ninki 3 da sama na saurinsa, kowanne kuma yana iya tayar da karkarwar. A ɗauka karanshaf na silinda 4 yana karkarwa sau 400 a daƙiƙa. Bugun da ke zuwa sau 6 a kowane juyi zai same shi a juyi 4,000 a minti, wanda ke zuwa sau 4 zai same shi a 6,000. A ɗauki na silinda 6 a jere mai karkarwa sau 300: bugu mai zuwa sau 6 a juyi zai kama shi a 3,000, mai zuwa sau 3, wanda shi ne babban dukan injin, a 6,000. Ka ga waɗannan ba wasu wurare ne na nesa ba, nan ne allurar agogon inji ke zama in mutum ya sake wa mota totur a hanyar Zariya ko a bayifas. Alƙaluman misali ne, kowane inji da nasa, amma babu injin mota mai dogon karanshaf da ba shi da irin waɗannan wuraren a cikin iyakar juyinsa.

A nan zoben da robar ke shigowa. Idan hancin karanshaf ya fizga gaba, zoben saboda nauyinsa ba ya bin sa nan take, yana jinkiri. Robar da ke tsakani ta miƙe, ta ja hancin baya. In hancin ya fizgo baya, zoben ya riga ya taso gaba, robar ta sake jan sa ta ɗaya ɓangaren. Kamfani yana zaɓar nauyin zoben da taurin robar ne yadda saurin lilonsu zai faɗa kusa da na karanshaf ɗin wannan injin, ta yadda babban tashin murɗa ɗaya zai rabe ya zama ƙanana 2, ita kuma robar ta mai da ƙarfin karkarwar zafi ya fita a iska. Saboda haka nauyin zoben shi ne aikin. Ba kitse ba ne da kamfani ya manta bai yanke ba. Kamfanin da ke ƙirga kowane giram don rage shan mai ba zai bar kilo 2 ko 3 a gaban inji don ado ba.

Matsalar ma ba sabuwa ba ce. Tun farkon ƙarni na 20, da aka fara ƙera injinan silinda 6 a jere a Ingila, karanshaf ya riƙa karyewa ba a san dalili ba, har injiniya Frederick Lanchester ya yi rajistar nasa maganin a wajen 1910, wasu faya-fayai ne masu gugar juna a gaban inji. Daga baya aka zo da na roba, aka kuma zo da mai ruwan silikon mai kauri, inda zoben ke iyo a rufe cikin gwangwani. Irin wannan na ƙarshe shi ake yawan gani a manyan injinan dizal na tirela da manyan janareto.

To me ake samu in an cire wannan nauyi? Nan ne ya kamata mai mota ya zauna da biro da takarda kafin ya tura kuɗi.

Wahalar juya abu ba a kilonsa kawai take ba, tana ga inda kilon ya zauna. Ana ninka nauyi da nisansa daga tsakiya, a sake ninkawa da nisan, abin da ya fito mu kira shi nauyin juyi. Kilo 1 a santimita 12 daga tsakiya ya ninka kilo 1 a santimita 6 sau 4 wajen wahalar juyawa. Damfa ƙaramin abu ne, faɗinsa bai fi santimita 15 zuwa 17 ba a yawancin motoci. A ɗauka kilo 3 ne, nauyinsa ya taru a wajen santimita 6 daga tsakiya: nauyin juyinsa 0.011 ke nan a ma'aunin injiniyoyi. Fulin alminiyam zai zo da wajen 0.003. An rage 0.008. Fulawil mai kilo 9 kuwa, da yake faɗinsa ya kusa ninki 2, nasa yana wajen 0.12. A sikeli ya ninka damfa sau 3 ne kacal, a juyi ya ninka shi sau 11.

Yanzu a mai da wannan 0.008 zuwa abin da taya ke ji. A giya ta 1, inda inji ke juyi kusan 14 kafin taya ta yi 1, raguwar daidai take da a sauke kilo 17 daga cikin mota. Jarkar fetur mai lita 25 da mutum ya manta da ita a but ta ɗan fi haka nauyi. A giya ta 2 ya koma kilo 5 zuwa 6. A giyar ƙarshe bai cika kilo 1 ba. Motar da ta kai kilo 1,400, kilo 17 kashi 1 ne da ɗan ɗoriya cikin 100, kuma na daƙiƙa 2 ko 3 ne kafin a sauya giya. In ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, ake so a ji: lokacin da inji ke hawa da juyi 2,000 a kowace daƙiƙa a giya ta 1, ribar a juyi 6,000 ba ta kai doki 1 da rabi ba. A giya ta 4, inda hawan ya ragu zuwa wajen 300 a daƙiƙa, kashi 1 cikin 5 na doki ne. In mota tana tafiya a gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, ribar sifiri ce, domin nauyin juyi ba ya cin ƙarfi sai lokacin da gudu ke sauyawa. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, bambancin bai kai kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ba. In kuma motar otomatik ce, kamar da yawa a Kano yanzu, akwai kwanbata, abin da ke tsaye a madadin kuloci, cike da mai manne a bayan inji, nauyin juyinta ya shanye wannan ɗan ragin har ba a ganinsa.

Masu sayar da fulin sukan nuna takardar gwaji mai cewa an samu doki 5 ko 8. Ba lallai ƙarya suka yi ba, amma a duba abu 2. Na farko, injin gwajin da aka fi amfani da shi yana auna saurin da mota ta juya wani babban gangan ƙarfe ne, wato hanzari yake aunawa, don haka duk abin da aka rage wa nauyi zai bayyana kamar ƙarin ƙarfi. A ɗora motar a kan mai riƙe inji a juyi ɗaya, ragin nauyin ba zai nuna komai ba. Na biyu, yawancin waɗannan fuli ƙanana ne a faɗi fiye da na asali, suna rage saurin juyin altaneta da kwamfiresa da famfon sitiyari da famfon ruwa. Mafi yawan dawakan da ke kan takardar daga nan suka fito, ba daga nauyi ba.

Wannan na biyun kuma ya fi shafar mu fiye da wanda ya ƙera fulin a ƙasar sanyi. A watan Afrilu zafin Kano yakan taɓa digiri 40. Ka tsaya a cunkoson Kantin Kwari ko na Kurna da azahar, esi a kunne, fankar lagireto tana ta zuƙar wuta, inji yana juyi 700 a minti. Ko da fulin asali altaneta da ƙyar take riƙe wannan kaya. Ka rage mata juyi da kashi 15 ko 20 cikin 100, batir ne zai riƙa cike giɓin har ya gaji. A injinan da bel ɗin waje ke jan famfon ruwa, kamar 2AZ na Toyota da K24 na Honda da M54 na BMW, ruwan ma tafiyarsa ta ragu a daidai lokacin da iska ba ta ratsa lagireto. Mai motar zai yi ta sauya batir yana zagin masu sayar da jabu, bai san daga gaban inji abin ya taso ba.

Abin da ke sa mutum ya rantse motarsa ta sauya kuwa, yana da dalili. A tsaye, giya a firi, in ka taɓa totur inji ba ya jan komai sai nauyin kansa, don haka ko ɗan ragi ana jin sa, allura ta tashi da sauri ta sauko da sauri. Kunne ya ji daɗi. Da an sa giya nauyin mota ya hau kai, labari ya sha bamban.

Kai na asalin wajen masu tona, wanda wasu ke gani kamar tsaka-tsaki ne tunda robar tana nan, shi ma ba mafita ba ne. Saurin lilon zoben ya dogara ga nauyin juyinsa. Ka sassaƙe kashi 30 cikin 100, saurin ya tashi da kusan kashi 20: wanda aka daidaita a 400 ya koma wajen 480. Karanshaf yana karkarwa a wuri ɗaya, mai maganinsa yana jira a wani wurin, ga shi kuma ya rage ƙarfi. Ƙari a kan haka, zafin sassaƙa da matsin injin tona suna taɓa robar da ta riga ta tsufa, kuma zoben da aka sirance, galibi na ƙarfen zubi ne, yana iya tsagewa a babban juyi. Zoben da ya ɓalle a juyi 6,000 yakan tafi da lagireto da duk abin da ya tarar.

Akwai wani ɗan'uwan wannan aiki da ya fi yawa a garejinmu, ko da yake masu yin sa ba gudu suke nema ba. Roba ta rabu, zobe ya fara zamewa, bel yana kuka, yaron gareji ya ce, "Oga, ba sai an sayi wani ba, a kai wa mai walda ya kama shi." A ɗiga walda wuri 3 ko 4 a haɗe zobe da cibiya, ko a huda a ɗaura ƙananan bol. Bel ya yi shiru, mai mota ya yi godiya. A wajen karanshaf, wannan da fulin alminiyam mai tsada abu ɗaya ne, babu mai shanye murɗa. Na waldar ma ya fi muni ta wata fuska, domin duk nauyin zoben yanzu ya manne a hancin karanshaf, ya jawo saurin karkarwarsa ƙasa, zuwa juyin da ake tuƙi a ciki kullum. Abin da ke ceton yawancin masu irin wannan gyara shi ne ba sa wuce juyi 3,000.

Ɓarnar ba ta zuwa rana ɗaya, shi ya sa ake musu a kanta. Ƙarfe yana gajiya ne da yawan lanƙwasa. Karkarwa sau 400 a daƙiƙa tana nufin 24,000 a minti, miliyan 1 a cikin minti 42 da aka tara a wannan juyin mai hatsari. Wanda ke ratsa wurin ya wuce zai daɗe bai tara su ba. Mai wasan mota da ke riƙe inji a sama yana juya ta a fili, taya na hayaƙi, shi yana tara su da sauri. Tsagar takan fara ne daga kusurwar da wuyan karanshaf ya haɗu da hannunsa, ko daga bakin ramin mai, ta tafi a karkace, kusan digiri 45, wanda shi ne tambarin karayar murɗa. A nan akwai abin da ya shafe mu: injina da yawa a Kano an taɓa yanka karanshaf ɗinsu zuwa 010 ko 020, wato an rage milimita 0.25 ko 0.50 don a sa sabon metal, wato shimfiɗar ƙarfen da wuyan karanshaf ke juyi a kai. In mai yankan bai bar wa wannan kusurwar lanƙwasarta ba, ya mai da ita mai kaifi, to ya riga ya share wa tsaga hanya. Cire damfa daga irin wannan inji neman gira ne da zai ci ido.

Sau da yawa ma karanshaf ba shi ke fara faɗuwa ba. A injinan da famfon baƙin mai ke zaune a kan hancin karanshaf kai tsaye, fizgar tana dukan haƙoran famfon har su fashe. An san RB26 na Nissan da wannan. A injinan BMW masu silinda 6 a jere irin M52 da M54, sananne ne notin famfon mai yakan kwance a babban juyi. Mai ya tsaya, cikin daƙiƙoƙi inji ya buga. Sauran alamun sun haɗa da bol ɗin fulawil da ke sassautawa, sarkar taimin da ke saurin miƙewa, da sensar karanshaf da ke ba kwamfuta labari mai rawa har wuta ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba. Idan injin ya buga, bakanike zai ce mai ne mara kyau, ko metal ne, kuma ba za a ga laifinsa ba, abin da ya gani ke nan da ya buɗe. Ba kasafai ake waiwayar fulin da aka sauya wata 8 da suka wuce ba.

Masu kare fulin alminiyam suna da hujjar da ba za a share ba. Akwai mutane da yawa da suka yi shekaru da shi a injin silinda 4 ba abin da ya faru. Akwai injinan da kamfani da kansa bai sa musu damfa ba, kamar na tsohuwar Volkswagen ƙwaro da na babura da adaidaita sahu, saboda karanshaf ɗinsu gajere ne mai tauri kuma dukansu ba shi da yawa. Gaskiya ne kuma cewa rage nauyi a hanci yana ɗaga saurin karkarwar karanshaf, wani lokaci har babban wurin hatsarin ya haura iyakar juyin injin. Sai dai wanda ya san ko hakan ta faru a injinka shi ne wanda ya ɗaura na'ura ya auna murɗar a kowane juyi, kuma kamfanin motar ya auna, ya ga akwai buƙata, ya kashe kuɗi ya sa roba da zobe. Mai sayar da fuli ɗaya da ke shiga injina iri 5 bai auna naka ba. Sannan mai neman fulin mara nauyi shi ne dai mutumin da ya ƙara tabo, ko ya ɗaga iyakar juyi a kwamfuta, wato ya ƙara wa dukan ƙarfi a lokacin da yake cire abin da ke tare shi. A inji mai silinda 6 a jere ban ga wata hujja da za ta sa a yi kasadar ba.

Wani abin lura ga masu tsofaffin V8 na Amurka: wasunsu, kamar Ford 302 da Chevrolet 400 da 454, wani ɓangare na daidaiton nauyin injin a jikin damfa aka zuba shi. Sa musu fuli mara wannan tudun yana kawo girgizar da za a ji nan take, ta cinye metal.

Masu tseren gaske ba cire damfa suke yi ba, mai kyau suke saya. Kamfanoni irin ATI da Fluidampr suna ƙera wanda aka rage wa nauyi a cibiya da gwangwani, inda nauyin ba ya aikin komai, aka bar zoben ciki da nauyin juyinsa, aka kuma rufe shi yadda ba zai ɓalle ba. A Amurka, hukumar tseren NHRA tana wajabta damfa mai shaidar inganci ta SFI 18.1 ga motar da ke cinye mita 402 a daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka. Mutanen da ke faɗa a kan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ke nan, kuma sun bar wannan nauyin a wurinsa.

Mai son rage nauyin juyi da gaske, in motarsa mai kuloci ce, fulawil ne wurin. Kilo 3 da aka rage daga gefensa na waje daidai yake da sauke wajen kilo 90 a giya ta 1, ninki 5 na abin da fulin zai bayar. Shi ma da kuɗinsa: mota takan yi saurin mutuwa wajen tashi, silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, ya yi rawa in esi ya kama, giyabos ya riƙa ƙara, kuma a sayi wanda aka ƙera da nauyin da ake so ya fi a sassaƙe na zubi, domin fulawil in ya fashe kusa da ƙafar direba yake. Bayan shi sai taya da rim. Abin dariya ne ka ga mota an rage mata kilo 2 a fuli, an kuma ɗora mata rim mai inci 20 da ya ƙara kilo 4 ko 5 a kowace ƙafa, nauyin da ake ja gaba kuma ake juyawa a lokaci guda, a kowace giya.

Ga mafi yawan motocin Kano ma, tambayar ba ta rage nauyi ba ce, ta ko damfan yana da rai ce. Motar da ta shekara 15 kafin ta iso, ta zo ta sha zafi da ƙura, ga baƙin mai na ɗiga daga sil ɗin gaba yana jiƙa robar, da wuya a ce robar tana yadda aka zuba ta. Na Beljiyam da za ka ɗauko a Kofar Ruwa sa'an wanda ka cire ne, don haka a duba shi da kyau kafin a biya: roba mai tsattsagewa, ko wadda ta bulluƙo waje, ko ta yi laushi da mai, ko ta bushe ta yi tauri, duk ta gama aiki. Wanda ke jikin mota kuwa, a ja layi da farin fenti daga cibiya ya ratsa roba zuwa zobe, a duba bayan mako 1 ko 2. In layin ya rabu, zoben yana zamewa. A kuma kalle shi inji na silo, in yana rawa gefe da gefe a sauya shi.

Wajen ɗaurawa, kada a bari a buga shi da guduma, dukan yana tafiya kai tsaye ga metal ɗin da ke tare karanshaf daga zamewa gaba da baya. Bol ɗin tsakiya yana da awon ɗaurinsa, a wasu injinan Honda ya kai 245 a ma'aunin Nm, wasu kamfanonin kuma sun ce a sa sabon bol duk lokacin da aka kwance. Ɗaurin da aka yi da dogon bututu da ƙiyasin hannu yakan bar cibiyar tana motsi a kan hanci har ta cinye makullin da ke tsakaninsu, ramin makullin ya faɗaɗa, gyaran da ya rage kuma shi ne sauke inji a sauya karanshaf.